Ganga Ta Ɗaga Masa Ƙarfe da Safe, Ta Cinye Masa Numfashi da Rana: Nazarin Wata Gasa a Nima

Takardar makin wani matashi mai sana'ar walda a unguwar Nima ta Accra tana ɗauke da lambobi biyu da suka saɓa wa juna. Da ƙarfe takwas da rabi na safe ya ɗaga kilo 170 daga ƙasa, alhali a shekara biyun da ya yi yana atisaye bai taɓa haura 160 ba. Kafin a kira azahar kuma, a filin nan dai, a gaban mutanen nan dai, ya gama wani aiki a minti 13 da daƙiƙa 15, aikin da ya saba gamawa a minti 11 da daƙiƙa 20 idan daga shi sai kocinsa. Shekararsa 26, nauyinsa kilo 78, kuma wannan ce gasarsa ta farko. Ba ciwo ya ji tsakanin safe da rana ba. Taron da ya ƙara masa kilo goma shi ne ya ci masa kusan minti biyu, kuma yadda hakan ta faru ya isa a tsaya a duba shi dalla-dalla, don kusan duk gasar unguwa da ake yi a Accra ko Kumasi sai an samu mai irin wannan takarda.

Irin gasar ita ce wadda ake haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da aikin nauyin jiki a zubi ɗaya, agogo na tafiya. CrossFit, wani tsarin atisaye da ya fito daga Amurka, shi ne ya yayata salon, kuma babbar gasarsa ta fara ne a 2007 a wata gona da ke Aromas a jihar Kalifoniya ta Amurka. HYROX da aka kafa a Jamus a 2017 ya zo da tsarin da ba ya canzawa, gudun kilomita ɗaya sau takwas, kowane gudu da aiki ɗaya a bayansa. Ta Nima ba ta ƙarƙashin ko ɗayansu. Jim uku na unguwa, wato gidajen motsa jiki, su ne suka haɗa kai suka ari farfajiyar wata makaranta mai daɓen siminti, ranar wata Asabar a watan Maris, lokacin da zafin Accra ke kan ganiyarsa. 'Yan wasa maza 24, layi huɗu, zubi shida a kowane aikin mutum ɗaya, ayyuka uku a yini. Sandunan masu kilo 20 ne, amma wasu daga cikin faya-fayan na gida ne da aka zuba da siminti, don haka tun ranar Juma'a aka ɗora kowanne a sikeli aka rubuta nauyinsa da fenti. Wannan ƙaramin aiki yana kashe gardama da yawa, domin faifan siminti da ake kira ashirin yakan fito sha takwas da rabi ko ashirin da ɗaya.

An ja igiya kamar taku biyu daga layukan, 'yan kallo suka cika bayanta. Akwai lasifika, akwai samari masu ganga da waƙar jama irin ta filin ƙwallo. Shi kuwa matashin, rabin garejinsu ne ya zo: mastansa, yaran shago, da yayansa.

Safiya: kilo 170

Aikin farko shi ne ɗaga sanda daga ƙasa har mutum ya miƙe tsaye da ita a cinya. Kowa na da minti shida ya nemi iyakar ƙarfinsa. Ya fara da 140, ya koma 155, ya huta wajen minti ɗaya da rabi ya ɗaga 165, ganga ta ɓarke. Saura daƙiƙa arba'in ya sa aka ƙara biyar. Sandar ta tsaya a gwiwa kamar ba za ta wuce ba, yaran shago suna kiran sunansa, jijiyoyin wuyansa duk sun fito, sai ga shi ya miƙe.

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai makaɗi ya taɓa masa takensa, kuma a aikin gayya ana gayyatar mai ganga ne don an san kunyar gona ta fi saurin tashi idan ana kiɗa. Masana sun zo daga baya suka auna. A 1898 Norman Triplett na Jami'ar Indiyana ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan da abokin karawa a gefe, sai ya gwada da yara 40 suna naɗe zaren ƙugiyar kamun kifi, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci bibbiyu. Rabinsu sun ƙara sauri da aka sa musu abokin gasa. Kashi ɗaya cikin huɗu ba abin da ya canza musu. Sauran kashin kuwa ɗoki ya yi musu yawa har suka rikice, hannu ya daina bin tsari. Mutane sun fi riƙe labarin rabin farko, amma kashin ƙarshen nan shi ne zai bayyana a takardar matashinmu da rana.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Tun kafin a busa usur sinadarin adiranalin ya riga ya ɗaga bugun zuciya, hanta ta saki sukari cikin jini, an rage wa zafin gajiya kaifi, ƙwaƙwalwa kuma ta yarda ta kira tsoka da ƙarfin da ba ta cika sakewa ba a ranar atisaye. Ɗagawa ɗaya daƙiƙa uku zuwa biyar ce, cikin abin da ajiyar gaggawa ta tsoka ke iya biya, wadda ba ta wuce kimanin daƙiƙa goma. Ga shi motsi ne da ya yi sau dubbai, babu wata shawara da zai yanke a tsakiya. A irin wannan aiki hayaniya riba ce kusan zalla.

Sai dai a yi adalci. Ba duka kilo goman ne na ganga ba. Ya huta kwana uku kafin gasar, abin da ba ya yi a sauran makonni, kuma mai aikin walda da ke wuni a tsugune yana zuwa jim da yamma ne da gajiyarsa. Wani kaso na hutu ne. Kuma a ɗagawar 170 bayansa ya ɗan lanƙwasa daga ƙasa, abin da kocinsa ya gani ya ce a tsaya a nan ko da lokaci ya rage. Hukuncin ya yi daidai. A ganinmu, duk wanda ya riga ya haura iyakarsa ta atisaye kada ya ƙara fiye da kilo biyar a tashi ɗaya, kuma koci ne zai faɗi nauyin da za a sa, domin ɗan wasan da ake yi wa kirari ba ya jin bayansa sai gobe.

Rana: inda lissafi ya ɓace

Aiki na biyu zagaye biyar ne, an ba shi iyakar minti 14. Kowane zagaye: tsuguno da tura sanda sama sau 12 da kilo 40, faɗi-ka-tashi da tsallake sanda sau 12, sannan tsallen igiya mai wucewa sau biyu a tsalle ɗaya, guda 30. An sanar da aikin mako biyu kafin ranar, don haka ya gwada shi a jim. Lokutan zagayensa a gwajin su ne 2:10, 2:15, 2:20, 2:20, 2:15. Yana raba tsugunon gida biyu, bakwai da biyar, ya ajiye sanda ya ja numfashi uku a tsakani. A faɗi-ka-tashi kuma yana tako ƙafa ɗaya-ɗaya ne wajen tashi, ba ya tsalle. Tsarin mai kyau ne, ya dace da jikinsa.

Ranar gasa ga abin da alƙalin layinsa ya rubuta: 1:35, 2:05, 2:50, 3:25, 3:20.

A zagaye biyun farko ya ci ribar daƙiƙa 45. A ukun ƙarshe ya yi asarar daƙiƙa 160. Zagayen farko shi ne ya kashe shi, kuma dalilinsa yana layin da ke hannun damansa. An raba zubin ne da ƙuri'a, sai ya faɗa kusa da wanda daga baya ya lashe gasar gaba ɗaya. Da aka busa usur, na kusa da shi ya yi tsugunon 12 a jere bai ajiye ba, shi ma ya bi. Na kusa ya shiga faɗi-ka-tashi da tsalle, shi ma ya bi. Mutanensa suka ga yana kafaɗa da kafaɗa da gwani, ihu ya ƙaru, shi kuma a lokacin bai ji komai ba, domin adiranalin ta rufe masa ƙararrawar da ya saba ji a ƙirji.

Ga yadda abin yake aiki. Kowane ɗan wasa yana da wani mizanin sauri da jikinsa ke iya riƙewa na dogon lokaci, iskar da yake shaƙa tana biyan kuɗin aikin. Sama da wannan mizanin akwai ɗan rumbu da ake ɗiba daga ciki, kuma ba ya sake cika sai an sauko ƙasa da mizanin sosai an daɗe. A gwajinsa na jim yana ɗibar rumbun kaɗan-kaɗan, ya ƙare daidai da ƙarewar aiki. A fili ya kwashe yawancinsa cikin minti uku da rabi. Daga nan babu sauran zaɓi, jiki da kansa ya taka birki. A zagaye na uku ya raba tsugunon huɗu-huɗu-huɗu. A na huɗu ya koma uku-uku, yana dafa gwiwa daƙiƙa goma sha biyar tsakanin kowanne, yana kallon sandar. Taro yana iya sa mutum ya manta da gajiya na ɗan lokaci, amma girman rumbun yana nan yadda atisaye ya bar shi.

Igiyar ta fi komai tona asiri. Wata huɗu kacal da ya koyi tsallen nan mai wucewa biyu, kuma a jim yakan harɗe sau ɗaya ko biyu a dukan zagaye biyar. A fili ya harɗe sau goma sha ɗaya, huɗu daga ciki tun a zagayen farko lokacin da bai gaji ba. Robert Zajonc ya bayyana wannan a 1965: idon mutane yana ƙarfafa abin da jiki ya fi sabawa da shi. Idan abin da ka saba shi ne daidai, ka ci riba. Idan sabon koyo ne, tsohuwar ɗabi'a ce za ta taso. Tsohuwar ɗabi'arsa ita ce juya igiya da kafaɗa, ga tsalle yana naɗe gwiwa. Da kiɗa ya yi zafi hannayensa suka buɗe daga jiki, igiyar ta gajarce, ta riƙa dukan yatsun ƙafa. Kowace harɗewa tana cin daƙiƙa huɗu ko biyar, ta bar haushi, haushin kuma ya ƙara ƙanƙame kafaɗar.

Akwai kuma ƙirgen da alƙali ya hana. Ƙa'idar tsugunon ita ce ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa, a sama kuma gwiwar hannu ta miƙe sarai. Sau tara alƙali ya kaɗa hannu ya ce babu. Wannan kusan zagaye guda ne na ƙarin aiki da kilo 40 wanda ba a biya shi ba. Mafi ciwo shi ne na zagaye na uku. 'Yan kallo suna ƙirga masa da ƙarfi, suka kai sha biyu, ya saki sanda ya faɗi ƙasa zai fara aiki na gaba, alhali a hannun alƙali goma ne. Sai da aka dawo da shi, ya sake ɗauko sandar daga ƙasa zuwa kafaɗa don guda biyu. 'Yan kallo ba su da laifi, so ne ya sa suke ƙirge. Laifin na tsari ne, don alƙalin yana faɗin lamba da baki a wurin da ko na kusa da kai ba ka ji. A fili mai ganga dole alƙali ya tsaya inda ɗan wasa ke ganinsa, ya nuna biyar ɗin ƙarshe da yatsu.

Zafi ya ƙara nasa. An tsara zubinsa ƙarfe tara da rabi, amma canza faya-fayai da gardamar maki suka ja shi zuwa sha ɗaya da rabi. Ya ɗumama jiki tun tara, sannan ya tsaya awa biyu a rana a bakin igiya yana yi wa 'yan jim ɗinsu ihu. Wannan kuskure ne da sababbin shiga ke yawan yi, ɗokin da ya kamata su ajiye wa kansu sai su kashe shi a kan zubin wasu. Iskar Accra mai laima ce saboda teku, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya kowa ba. Da aka auna shi bayan aikin ya ragu da kilo 1.6 daga nauyinsa na safe, wato kashi biyu cikin ɗari, daidai inda aka san juriya tana fara raguwa a fili.

Duk da haka a duba lambar ƙarshe. Zagaye na biyar ya fi na huɗu sauri da daƙiƙa biyar, alhali a lokacin ya fi gajiya. Sauran ukun sun gama, suka zo suka tsaya kewaye da layinsa, har da gwanin da ya ja shi ya yi gaggawa, yana durƙushe yana buga daɓe da tafin hannu. Hutun da yake yi na daƙiƙa goma sha biyar ya koma takwas. Da a jim ne shi kaɗai, da wuya ya gama kafin minti 14. Wannan al'ada ta kewaye na ƙarshe tana daga cikin mafi kyawun abin da wannan wasa ya zo da shi, kuma ta nuna inda hayaniya ke da amfani na gaske: a kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshen aiki, lokacin da babu sauran abin da za a adana. Hatsarinta ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. Mutumin da aka kewaye ana kiran sunansa ba zai iya cewa ya isa ba, ko da jikinsa ya kai inda ya kamata ya tsaya. Shi ya sa dole a samu mutum ɗaya a fili, ma'aikacin lafiya ko babban alƙali, wanda ba ya ihu, aikinsa kallon ido da tafiyar ɗan wasa, kuma idan ya ɗaga hannu magana ta ƙare.

Tsakanin azahar da la'asar

Aka tashi salla. Kocin ya janye shi zuwa wani aji da ke bayan ginin, inda kiɗan ba ya isowa sosai, ya sa ya cire takalmi, ya ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a wuya da hammata. Ruwan leda rabin lita ne. Wanda ya zubar da kilo 1.6 yana bukatar wajen lita biyu da rabi, wato leda biyar, a hankali cikin awa uku, ba a kwankwaɗe lokaci ɗaya ba. Ɗaya daga ciki aka haɗa da garin gishiri da sukari na kemis bisa awon da ke jikin takardarsa. Abinci ayaba biyu da ɗan waakye, wato shinkafa da wake, ba mai, ba yajin shito. Yayansa ya kawo masa lemon ƙara kuzari na gwangwani, kocin ya karɓa ya ajiye, domin zuciyar da ta wuni tana gudu ba ƙarin kafin take nema ba.

"Koci, wallahi a zagayen farko ban ji komai ba," in ji shi.

"Na sani, ƙanena. Shi ya sa ba za ka sake tambayar jikinka ba a minti biyun farko. Lamba za ka bi."

Ya manna masa farin salatif a damtse ya rubuta 10-10 da alƙalami. Sannan ya je wurin mastan ya roƙe shi alfarma. "Masta, don Allah ku bar ƙirge. Ku yi shiru har sai na ɗaga hula, daga nan ku tayar da unguwa." Mastan ya yi dariya ya amince. Wannan dabara ta fi ƙoƙarin hana mutane ihu gaba ɗaya, wanda ba ya yiwuwa kuma bai ma kamata ba. An ba su aiki ne, an faɗa musu lokacinsa.

Aikin bibbiyu

Na uku bayan la'asar aka yi shi, rana ta yi sanyi, kuma bibbiyu ne, maki ɗaya ga duka biyun. Kashin farko jifan ƙwallo mai kilo 9 zuwa alamar mita uku a bango, guda 100, su raba yadda suka so. Kashi na biyu ɗaukar galan biyu masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, kowanne cike da lita 25 na ruwa, mita 100 ga kowane mutum. Sharaɗin shi ne yayin da ɗaya ke tafiya da galan, ɗayan yana rataye a sandar sama da hannu biyu. Ya saki, mai galan ya ajiye nan take har sai ya koma.

A jifan ƙwallo sun bi abin da ke rubuce a salatif, goma-goma, kowa ya yi hamsin, ba wanda ya tsaya. A layin da ke gefensu babu tsari, sai mai ƙarfin ya yi wajen saba'in, ɗayan yana tsaye yana jira a kira shi. Ba lalaci ne na ganganci ba. Tun 1913 Max Ringelmann, wani injiniyan noma a Faransa, ya wallafa abin da ya auna cewa idan mutane suka haɗu suna jan igiya ɗaya, ƙarfin da kowannensu ke sawa yana raguwa. Duk aikin da aka zuba ƙirgensa a tukunya ɗaya yana buɗe wannan ƙofa.

Ratayar ta juya lamarin. A jim, idan ya gaji, ba ya wuce daƙiƙa 50 a sanda. Abokinsa ya ɗauki daƙiƙa 75 kafin ya gama mita ɗarinsa, kuma bai saki ba. Daga daƙiƙa ta hamsin yatsunsa suka fara zamewa, ya koma riƙo da gaɓoɓin ƙarshe, idonsa na kan bayan abokin. A nan kocin ya ɗaga hula. Otto Köhler ya ga irin wannan a shekarun 1920 a wurin matuƙa kwale-kwale na wani kulob a birnin Balin na Jamus: idan aka ɗaure aikin mutum biyu ta yadda sakin ɗaya zai tsayar da duka, mai raunin yakan jure fiye da yadda yake yi shi kaɗai. Amma sai tazarar da ke tsakaninsu ta zama matsakaiciya. A wani layin da aka haɗa gwani da sabon shiga, sabon ya saki tun daƙiƙa ta ashirin, ya sake saki, don ya riga ya yanke a ransa cewa ba zai iya biyan abokinsa ba. Mai shirya gasa da ke son ganin mutane sun wuce iyakarsu lafiya, wannan ne makaminsa mafi arha: aiki mai sauƙin motsi, wanda kowa ke ganin gudummawar kowa, da abokin da ya ɗan fi ka kaɗan.

Mata shida ma sun yi gasar, amma a cikin jim da sassafe, 'yan kallonsu mata da 'yan uwa. Su suka nemi hakan. A unguwa irin Nima ko Aboabo, budurwar da za ta tsuguna da sanda a gaban samari ɗari tana ɗauke da wani nauyin da ba ya kan sikeli, kuma taron da ke ɗaga wani yana iya danne ta. Ba su ƙi ihu ba, nasu ɗakin ma ya fi filin ƙara.

Bayan an watse

Kwana uku na farko su ne na sa ido. Ciwon jiki bayan gasa ba abin mamaki ba ne. Abin da ba a wasa da shi shi ne hannu ko cinya su kumbura har gaɓa ta ƙi miƙewa, fitsari ya koma kalar shayi mai duhu ko ya ragu ƙwarai. Wannan alama ce ta tsoka ta farfashe tana zuba cikin jini, kuma ƙoda ce ke biyan kuɗin, don haka asibiti ake zuwa a ranar. Matashin bai kai nan ba, amma kocin ya kira shi Lahadi da Litinin ya tambaye shi kalar fitsarinsa kai tsaye. A fili kuwa, wanda ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko bai gane inda yake ba, zafi ne ya bugi ƙwaƙwalwa har sai an tabbatar ba shi ba ne. A kwantar da shi a inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi da ƙanƙara tun kafin mota ta zo, a kira 112. Baho ɗaya da ƙanƙara buhu biyu ba su kai kuɗin hayar lasifika ba.

Abu biyu kuma sun shafi wurinmu musamman. Masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji jinin sikila daga ɗaya daga cikin iyayensu, suna da yawa a Ghana, kuma ko da yake yawancinsu suna wasa lafiya, aiki mai tsanani ba hutu a cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da su farat ɗaya, don haka tambayar ta shiga takardar rajista. Na biyu tramadol, wadda wasu samari ke sha don kada su ji gajiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Mutumin da ganga ta riga ta rage masa jin zafi, idan ƙwaya ta kashe sauran, babu abin da zai gaya masa ya tsaya.

Masu shirya gasar sun gyara abu huɗu don ta gaba. Bayan aikin farko za a riƙa raba zubi bisa maki, kowa ya kara da sa'anninsa. Dogon aiki zai koma farkon safiya ko bayan la'asar, ɗaga ƙarfe mai gajeren lokaci ya zauna a tsakiyar rana ƙarƙashin rumfa. Za a ware aji ɗaya na jira, a kira ɗan wasa minti ashirin kafin zubinsa ya ɗumama jiki. Masu ganga kuma za a ba su agogo, su riƙe kiɗa a hankali har sai zubi ya ci kashi biyu cikin uku.

A jim, kocin ya mayar da daren Alhamis ranar gwaji: lasifika a buɗe, yaran unguwa a bakin ƙofa suna ihu, alƙali da takarda, kuma da gangan ake sa wanda ya fi shi sauri a gefensa. Dokar ɗaya ce, idan zagayen farko ya gaza minti biyu da daƙiƙa biyar, an soke gwajin a sake wani mako. Sau biyu aka soke. Igiya kuma ta koma farkon atisaye, minti goma kullum, da tawul a maƙale a hammata don hannu ya daina buɗewa. Bayan mako shida ya maimaita aikin zagaye biyar ɗin a cikin hayaniya: 2:08, 2:12, 2:15, 2:15, 2:00. Jimla minti 10 da daƙiƙa 50, harɗewar igiya biyu, ƙirgen da aka hana ɗaya.